Karnuka da Kyanwoyin da Ake Yasarwa a Gidajen Bautar Tailan: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa shiga harabar gidan bautar mabiya Buddha a ƙasar Tailan zai tarar da karnuka kwance a inuwa, kyanwoyi kuma a kan matakala. Baƙo yakan ɗauka gata aka yi musu. Wasu kam sun samu gatan. Amma da yawansu kawo su aka yi aka yar, ko kuma 'ya'ya da jikokin waɗanda aka yar ne. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan al'amari, da amsoshinsu.

Me ya sa sai gidan bauta ake kai dabba a yasar?

Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya Buddha ne, kuma gidajen bautarsu, waɗanda suke kira wat, sun haura 40,000. Da wuya ka sami ƙauyen da babu ɗaya a kusa da shi. Ta farko cikin dokoki 5 da mabiyin Buddha ke ɗaukar wa kansa ita ce kada ya kashe abu mai rai, harabar gidan bauta kuwa wuri ne da ba a kisa a cikinsa, ko kifin tafkin wurin ba a kamawa. Malaman addinin suna fita da asuba ba takalmi, riƙe da ƙwaryarsu, jama'a na zuba musu abinci don neman lada. Suna gama cin nasu kafin rana ta take, abin da ya rage kuma a ba yaran da ke hidima a wurin da dabbobi.

To mutumin da karyarsa ta haifa masa shida, ba ya iya ciyarwa, kuma zuciyarsa ba za ta bar shi ya kashe ba, ina zai nufa? Sai ya zuba su a kwali, ya bari dare ya yi, ya ajiye a bakin ƙofar gidan bauta. Wani kuma kwikwiyon da ya saya don sha'awa ne ya girma ya isa gidan da haushi. Wani ƙaura ya yi zuwa gidan hayar da ba a yarda da dabba ba. Wani karen ne ya tsufa, kuɗin magani ya fi ƙarfinsa. A 2020, da annobar korona ta tsayar da zuwan masu yawon buɗe ido, otal-otal da gidajen abinci suka rufe, mutane suka rasa aiki suka koma ƙauyukansu, dabbobi da dama suka rasa mai ba su abinci. Kowanne cikin waɗannan mutane yakan juya gida zuciyarsa wasai, a ganinsa ya kai dabbar inda za a ji ƙanta. Abin da ya yi kuwa shi ne ya sauke kayansa a kan wanda bai nemi izininsa ba.

To ai malaman suna ciyar da su. Ina laifin?

Suna ciyarwa iyakar ƙarfinsu, kuma akwai waɗanda suke hana cikinsu don dabbobin su ci. Ba su ne abin zargi ba. Amma mu duba abin da ke hannunsu: ragowar sadaka, wadda mafi yawanta shinkafa ce da miya mai yaji da ƙasusuwan kaza. Kare zai rayu a kan wannan, sai dai rayuwa ce ta rama da zubar gashi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Albasa da tafarnuwar da ke cikin miya suna lalata jinin kare da na kyanwa. Malamin ba likitan dabbobi ba ne, ba shi da mota, dokar zamansa ma ta taƙaita masa riƙe kuɗi.

Sannan akwai abin da mai yasarwa ba ya tsayawa ya gani. Karnukan da suka riga suka zauna a harabar garke ne, sun raba wurin a tsakaninsu, kowanne ya san inda yake kwana da inda yake ci. Baƙon kare, musamman wanda ya tashi a cikin ɗaki bai taɓa faɗa ba, da zarar ya sauka za su yi masa taron dangi. In ya tsira da raunuka, sai su kore shi zuwa bakin titi, inda mota ke jiransa. Wasu karnukan sukan shafe kwanaki zaune a daidai inda aka sauke su, sun ƙi ci, suna duban kowace motar da ta wuce. 'Yan kwikwiyon da aka raba da nonon uwa tun ba su kai mako 8 ba kuwa, kaɗan ne ke kai labari.

Abu na uku shi ne haihuwa. Karya tana fara neman barbara tun tana da kamar wata 6, cikinta kwana 63 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Abinci ba tare da hana haihuwa ba yana ƙara yawan bakunan da za a ciyar ne kawai. Harabar da ke da karnuka 10 a bana tana iya wayar gari da ninkinsu a baɗi, shinkafar sadaka kuwa ba ta ƙaru ba.

Waɗanne cututtuka aka fi samunsu da su?

Wadda ido ke fara gani ita ce ƙazuwa, wadda ke zubar da gashi har fata ta yi kauri ta tsattsage. Duk munin ganinta, tana jin magani sosai, kare yakan mayar da gashinsa cikin 'yan watanni. Waɗanda suka fi kisa su ne waɗanda ba a gani da wuri: zazzaɓin da kaska ke sawa, wanda ke shanye jini, da tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, da kuma cututtuka biyu masu share 'yan kwikwiyo. Ɗaya ita ce farbo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ƙwayarta ke zama a ƙasa watanni tana jiran 'ya'yan da za a haifa nan gaba. Ɗayar kuma distemfa, mai farawa da majina da kwantsa ta ƙare da farfaɗiya. Dukansu biyu allurar rigakafi tana tare su. Akwai kuma wani ƙari da ke fitowa a al'aura, wanda karnuka ke shafa wa juna wajen barbara. Shi ma yana warkewa da allura mako-mako na tsawon wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙaramin rauni kuwa, a wannan zafi da damshi, kwana kaɗan ne tsutsa ta shige shi.

Ceto na nufin a kwashe su duka a kai gidan ajiyar dabbobi?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa masu kyakkyawar niyya suke kuskure. In aka zo da mota yau aka kwashe duk karnukan wata haraba, abincin da ke wurin bai tafi ba, inuwar ma tana nan. Kafin wata ya zagayo karnukan unguwa sun shigo sun maye gurbi, masu yasarwa kuma sun ga fili ya samu. Sababbin ba su da rigakafi, ba a hana su haihuwa ba, ba su san mutanen wurin ba. Waɗanda aka kwashe kuma an cunkusa su a wuri guda, inda cuta ke bin su ɗaya bayan ɗaya, kuɗin abinci na neman gagarar masu gidan.

Hanyar da ƙungiyoyin da suka daɗe a aikin suka tsaya a kai matakai huɗu ce: a kama, a yi aikin hana haihuwa, a yi allurar rigakafi, a mayar da dabbar inda aka ɗauko ta. Mayarwar ce ke yi wa mutane nauyi a rai, suna ganin kamar an sake yar da ita. Amma karen da aka mayar ya san wurin, ya san mai ba shi abinci, kuma zai tsare harabar daga baƙin karnuka. Garken ya daina ƙaruwa, sai raguwa a hankali yayin da tsofaffi ke mutuwa. Faɗan maza a kan karya ya ragu, haushin dare ya ragu, cizon da uwa mai shayarwa ke yi don kare 'ya'yanta ya kau. A ganina, wanda ya biya kuɗin aikin karya guda ya fi wanda ya kawo buhun abinci 10 rage wahala, ko da yake na buhun ne ake ɗauka hoto.

Yaya ake gudanar da aikin?

Ana fara neman izinin shugaban gidan bautar, domin ba a taɓa komai a harabar sai da yardarsa. Sau da yawa ma a nan ake kafa asibitin tafi-da-gidanka, a ƙarƙashin rumfar taro, mutanen unguwa su kawo nasu dabbobin a yi musu kyauta. Karnukan da suka saba da hannu, malamin da ke ciyar da su ne ke kiransu a ɗauka. Masu gudu sai da raga, masu tsananin tsoro kuma a hura musu allurar barci ta bututu daga nesa. Ana hana su abinci kafin aiki, a sa su barci, namiji a fiɗiye shi, mace a cire mata mahaifa da ƙwai, a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa don kada a sake kamun dabbar. Kafin ta farka an yi mata allurar haukan kare da ta sauran cututtuka, an sa mata maganin kaska, an yi mata shaida a kunne. Kare yakan sami tambarin tawada a cikin kunne, kyanwa kuma a ɗan yanke tsinin kunne ɗaya. Ana rubuta inda aka ɗauko kowace dabba, domin in aka sauke ta a wata harabar daban an jefa ta cikin faɗan da ake gudu.

Me ya sa ba za a kashe su kawai a huta ba?

Ko an ajiye maganar tausayi gefe, kisa ba ya aiki. Da cutar haukan kare ta ɓulla a tsibirin Bali na Indunisiya a 2008, hukumomi sun bi karnuka da guba, an kashe fiye da 100,000, cutar ba ta tsaya ba. Mutane suka riƙa ɓoye karnukansu suna ƙaura da su, cutar na bin su. Sai da aka fara yi wa karnukan tsibirin allura gaba ɗaya a 2010 sannan mutuwar mutane ta ragu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Karen da ke da rigakafi katanga ne tsakanin cutar da yaran unguwa, kashe shi kuwa rushe katangar ne.

Akwai wuraren da suka bi ɗaya hanyar suka ga amfaninta. A birnin Jaipur na Indiya an fara kamawa da hana haihuwa da rigakafi tun 1994, mutuwar mutane da cutar ta faɗi warwas a unguwannin da aikin ya shafa. Butan, wadda ita ma ƙasar mabiya Buddha ce, ta fara nata a 2009, a 2023 ta sanar da cewa ta gama yi wa karnukan titinta aikin, fiye da 150,000.

Shi kansa hana dabba haihuwa ba zalunci ba ne?

Wasu masu dabbobi a Tailan suna gudunsa, suna tsoron zunubi ne taɓa halittar dabba. Damuwa ce ta mai tausayi, ba a raina ta. Amma a auna: aiki na ɗan lokaci cikin barci, da ciwon kwana biyu ko uku, a gefe guda. A ɗaya gefen, karyar da ke haihuwa shekara da shekaru tana ramewa, 'ya'yanta na mutuwa da gudawa a bayan ɗakin girki. Aikin yana kuma kare mace daga ruɓewar mahaifa, ya rage mata haɗarin ƙarin nono. Shugabannin gidajen bauta da yawa su ne yanzu ke kiran likitoci da kansu.

Wace dabba ce ake nema wa gida, wacce ake mayarwa?

Lafiyayyen kare da aka haifa a harabar, yake da matsayinsa a garke da mai ciyar da shi, ya fi dacewa a bar shi. Wanda ake ɗauka shi ne wanda ba zai iya zaman wurin ba: 'yan kwikwiyo da 'yan kyanwa marasa uwa, makaho, wanda mota ta karya aka yanke wa ƙafa, tsoho, wanda garke ya tsana, wanda wani a unguwa ya yi barazanar sa wa guba, da karen gida da aka yar kwanan nan. Wannan na ƙarshen ana gane shi da wuri. Yana da alamar abin wuya, yana bin mutane maimakon karnuka, bai iya tsallaka titi ba. Likitocin dabbobi da yawa a ƙasar ba sa son yi wa dabba allurar mutuwa ko da ciwonta ya yi tsanani, saboda imaninsu, shi ya sa gidajen ajiya suke cike da guragu da shanyayyu masu bukatar kulawa har ƙarshen rayuwarsu.

Su wa ke wannan aiki?

Wadda aka fi sani ita ce Gidauniyar Soi Dog, wadda Margot Homburg da wasu ma'aurata 'yan Ingila, John da Gill Dalley, suka kafa a tsibirin Phuket a 2003. A 2004 Gill ta shiga wani filin kiwon ɓauna da ruwa ya malale don ɗauko karen da aka yi wa allurar barci ya faɗa ciki. Wata ƙwayar cuta ta shiga jininta, aka yanke mata ƙafafu biyu. Ba ta gama murmurewa ba igiyar tsunami ta afka wa gaɓar a ranar 26 ga Disamba, ta koma aiki. Da ƙafafun roba ta ci gaba har rasuwarta a 2017. A 2023 yawan dabbobin da gidauniyar ta yi wa aikin hana haihuwa da rigakafi ya kai miliyan 1. Ma'aikatanta da ke kamu da fiɗa, mafi yawansu 'yan ƙasar ne.

Bayan ita akwai ƙananan ƙungiyoyi a Chiang Mai da Bankok da tsibiran kudu, da Sashen Kula da Dabbobi na gwamnati, da ƙananan hukumomi masu yin rigakafi. Amma waɗanda aikin ya fi dogara a kansu ba su da suna a jarida. Su ne matan da ke zagayawa a babur da yamma da bokitin shinkafa da hanta, suna saye da kuɗin aljihunsu. Su suka san wace karya ke da ciki, wane kare ne ya kwana biyu bai fito ba. In ba su, masu kamu ba za su san inda za su dosa ba.

Doka ba ta hana yasar da dabba ba?

Ta hana. A 2014 Tailan ta yi dokarta ta farko ta hana cutar da dabbobi. Wanda aka kama da zaluntar dabba yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai baht 40,000 (baht shi ne kuɗin ƙasar), ko duka biyun. Mai dabbar da ya yar da ita ba da dalili ba shi ma tararsa tana iya kai baht 40,000. Tun 1992 kuma akwai dokar da ta wajabta wa mai kare yi masa allurar haukan kare. Dokar 2014 ta taimaka wajen karya fataucin karnukan da ake lodawa a keji a tsallaka da su kogin Mekong zuwa Lawos, a wuce da su mahautan Biyetnam. Wajen yasarwa kuwa hannunta gajere ne, domin da dare ake yi, kuma kare ba ya ɗauke da sunan mai shi. Gidajen bauta da dama sun kafa alluna suna roƙon a daina, wasu sun sa kyamara a ƙofa.

Mutanen ƙasar suna karɓar karen titi su riƙe a gida?

Suna karɓa, ko da yake sha'awar karnukan waje masu tsada tana da ƙarfi a birane. Marigayi Sarkin Tailan Bhumibol Adulyadej ya ba da misali da kansa. A 1998 ya ɗauki wata 'yar kwikwiyo da karyar titi ta haifa a Bankok, aka sa mata suna Tongdaeng, a 2002 ya wallafa littafi a kanta yana yaba ladabinta da biyayyarta, yana jan hankalin jama'a ga karnukan ƙasar. Ta rayu a fada har 2015. Wani sanannen jinsin karen ƙasar ma, Bangkaew, ana danganta asalinsa ne da wani gidan bauta a lardin Phitsanulok. Nema wa dabba gida a cikin ƙasar ya fi sauƙi da araha, kuma ana iya komawa a duba halin da take ciki.

Kyanwoyi fa? Kullum maganar karnuka ake yi.

Gaskiya ne, kuma su sun fi shan wuya a ɓoye. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, tana iya haihuwa sau uku a shekara. A harabar da karnuka suka yi yawa, 'ya'yanta na cikin haɗari kullum, shi ya sa ake samunsu a saman rufi da bayan gumaka. Shinkafa zalla ta fi yi wa kyanwa illa, domin jikinta na bukatar wani sinadari da sai a nama da kifi ake samu, rashinsa na kawo makanta da ciwon zuciya. Murar kyanwoyi tana toshe wa ƙanana ido da ruwa har idon ya lalace, alhali ɗigon magani da shafa da tsumma mai tsabta kan cece shi in an fara da wuri. Abu biyu da ya kamata kowa ya sani: ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe kyanwa, haka ma wasu magungunan kaska da ƙuma da aka yi don karnuka.

Ana iya fitar da dabbar zuwa wata ƙasa?

Ana yi, musamman zuwa Turai da Amurka, amma sai da haƙuri. Da farko ana sa wa dabbar ƙwayar lamba a ƙarƙashin fatar wuya, mai girman ƙwayar shinkafa, wadda na'ura ke karantawa. Bayan ta sai allurar haukan kare. Mai zuwa ƙasashen Tarayyar Turai ko Birtaniya, bayan kwana 30 da allurar za a ɗebi jininsa a aika ɗakin gwajin da aka amince da shi don a tabbatar allurar ta kama, sannan a jira wata 3. Kafin tashi sai an karɓi takardar izinin fita daga likitocin gwamnati a filin jirgin sama. Amurka, tun 1 ga Agusta 2024, ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba, kuma ta ƙara sharuɗɗa a kan ƙasashen da ke da cutar, har da Tailan. Kanada ta rufe ƙofa tun Satumba 2022 ga karnukan da ƙungiyoyi ke kawowa daga irin waɗannan ƙasashe don a raba. Ƙungiyoyi kan nemi matafiyi ya sa dabbar cikin kayansa don rage kuɗin jirgi. Dokokin suna sauyawa, don haka a tambayi hukumar ƙasar da za a shiga kafin a fara komai.

Wanda ya karɓi irin wannan dabba, me zai tarar a makonnin farko?

Tsoro. Karen da ya tashi a fili bai san ƙofar gilashi ba, bai san igiyar wuya ba, ƙarar injin wanki na iya sa shi ɓuya ƙarƙashin gado. Babban haɗarin kwanakin farko shi ne gudu, domin waɗannan karnuka gwanayen haura katanga ne da zare kai daga abin wuya. A ba shi lungu guda nasa, abinci a kan lokaci, kada a tara masa baƙi, kada a tilasta masa runguma. Duka ba ya koya masa komai sai ƙarin tsoro. Yawancinsu ba su da wahalar koyon yin bayan gida a waje, kuma sun iya zama da sauran karnuka tunda a garke suka tashi. Kyanwa a rufe ta a ɗaki guda na 'yan makonni kafin ta san sauran gidan. Ƙungiyar kirki za ta yi maka tambayoyi masu yawa, ta duba gidanka, ta sa ka yi alkawarin mayar mata da dabbar in zama ya gagara. Wadda ta miƙa maka dabba ba tambaya, a yi hattara da ita.

In na je Tailan fatauci ko karatu, kare ko kyanwa ta cije ni fa?

Ka wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 nan take, ka wuce asibiti a ranar, ko da yakushi ne kawai, ko da dabbar ta yi kama da lafiyayya. Za a fara maka jerin alluran rigakafin cutar haukan kare, in raunin mai zurfi ne a ƙara da wata a cikin raunin. A Bankok cibiyar Sarauniya Saovabha ta ƙungiyar agaji ta Red Cross ta shahara da wannan, asibitocin larduna ma suna da allurar. Kada ka jira alama, domin da zarar ta bayyana kusan babu mai tsira. Cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A harabar gidan bauta kada ka taɓa kare mai ci ko mai barci ko karya mai 'ya'ya, in sun taso maka kuma kada ka ruga, ka tsaya cik ka kau da ido, ka ja da baya a hankali.

Ni Musulmi ne, ba na ajiye kare a ɗaki. Mene ne nawa a ciki?

Babu wanda ya ce sai ka kwana da kare kafin ka ji ƙansa. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa an gafarta wa mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. A mazhabar Malikiyya da galibinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. Musulmin kudancin Tailan Shafi'iyya ne, hukuncinsu a kan yawun kare ya fi tsanani, amma kyanwa tana da gata a gidajensu.

Mu ma muna da namu: 'yan kyanwar da ake ɗaurewa a buhu a kai kasuwa ko bayan gari, da karen farauta ko na gadi da ake kora in ya tsufa. Haukan kare kuma yana kashe yara a garuruwanmu, alhali ana yin allurar rigakafin karnuka a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, kuma asibitocin dabbobi na gwamnati kan yi ta kyauta ko da rangwame a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya.

Na tarar da 'yan kwikwiyo ko 'yan kyanwa a kwali. Me zan fara yi?

Ka ɗan ja gefe ka duba ko uwar tana kusa, domin in tana nan, ciyar da ita ya fi raba ta da su. In babu uwa, ɗumi ne farko kafin abinci: jariri mai sanyin jiki ba ya iya narkar da komai. A naɗe su a tsumma, a ajiye kwalbar ruwan ɗumi a gefensu. Kada a ba su madarar shanu, tana sa su gudawa. Akwai madarar gari ta musamman a shagunan dabbobi, ana ba su kowane awa 2 zuwa 3, suna kwance a kan cikinsu. Waɗanda ba su kai mako 3 ba ba sa iya fitsari da kashi da kansu, sai an shafa musu ƙasan ciki da auduga mai ɗumi bayan kowane ci. A ware su daga sauran dabbobi har likita ya gan su. In a harabar gidan bauta ne, ka sanar da malamin da ke kula da dabbobin kafin ka ɗauka, ka kuma tambaye shi ko ya san karyar ko kyanwar da ta haife su da gidan da take, don a kai mata likita kafin ta sake ɗaukar wani cikin.